Gandun Audugar Davis Bend a Misisipi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ƙasar Ta Riƙa Sauya Hannu

Duk inda aka ɗauko zancen bauta a Amurka, ko a aji ko a wajen hira, da wuya a tashi wani bai tambaya ba: to bayan an 'yanta bayin, gonakin da suka nome fa, hannun wa suka faɗa? Babu amsa guda da za ta game Kudancin Amurka gaba ɗaya, shi ya sa muka ɗauki wuri ɗaya muka bi shi daki-daki. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa a kansa.

Ina ne Davis Bend, kuma me ya sa ake yawan ambatonsa?

Wuri ne a jihar Misisipi, kimanin kilomita 30 kudu da birnin Vicksburg. A dā a nan kogin Misisipi ya yi wata babbar lanƙwasa ya zagaye ƙasa ta ɓangare uku, sai ɗan siririn wuya da ya haɗa ta da tudu. Ma'anar sunan ke nan, lanƙwasar Davis. Ƙasa ce ta fadama, baƙa mai taushi, wadda kogi ya shekara dubbai yana zuba mata laka.

Manyan gandaye biyu ne suka yi suna a wurin, Hurricane da Brierfield. Na farko na Joseph Davis ne, na biyu kuma ƙanensa Jefferson Davis ne ya zauna a ciki, mutumin da ya shugabanci jihohin Kudu da suka ɓalle a yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865. Abin da ya sa wurin ya fita daban shi ne, shekara ɗaya da rabi bayan yaƙin, wanda ya sayi gandayen biyu tsohon bawan gidan ne.

Kafin zuwan iyalin Davis, ƙasar ta wa ce?

Ta 'yan asalin nahiyar ce. Yankin yana cikin ƙasashen da ƙabilu irin su Choctaw suke zaune suna farauta tun kafin Bature ya san da kogin. Faransa ta yi iƙirarin mallaka, Ingila ta yi, Sifaniya ta yi har ta gina sansanin soja a inda Vicksburg yake yanzu, sannan yankin ya shiga hannun Amurka a 1798. Daga nan aka bi Choctaw da yarjejeniyoyi ɗaya bayan ɗaya ana zaftare ƙasarsu, har ta 1830 wadda ta kai ga kwashe mafi yawansu zuwa yamma.

Misisipi ta zama jiha a 1817. A 1818 Joseph Davis, lauya mai kuɗi da daga baya ya zauna a garin Natchez, ya sayi mafi yawan lanƙwasar. Ya sayar wa abokansa wani sashe, ya riƙe wa kansa fiye da eka 5,000, ya tare a 1827. Sunan Hurricane, wato guguwa, ya samo asali ne daga wata iska da ta rushe gidan farko, ta raunata ɗan'uwansu Isaac, ta kashe ƙaramin ɗansa.

Me ya sa auduga, kuma daga ina aka samo masu nomanta?

Tun da aka samu injin gurzar auduga na Eli Whitney a 1793, raba ƙwaya da zare ya daina zama cikas, masaƙun Ingila kuwa suna sayen duk abin da aka kai musu. Abin da ya rage shi ne hannun da zai sare daji, ya yi huɗa, ya yi noma, ya tsinci auduga ƙulli-ƙulli. Amurka ta haramta shigo da bayi daga Afirka a 1808, saboda haka aka koma cinikin cikin gida. An kwaso kusan mutum miliyan ɗaya daga tsofaffin jihohi irin su Bajiniya zuwa sababbin ƙasashen auduga, wasu a ƙafa cikin mari, wasu ta jirgin ruwa. Ɗaya daga manyan kasuwannin bayi tana bakin Natchez. Zuwa 1860 bayi sun fi 'ya'ya yawa a jihar Misisipi.

Wanda ya san rinji da gandun sarauta na ƙasar Hausa ta dā zai gane fasalin wurin: gidan ubangida a gefe, jerin ɗakunan bayi a gefe, gona iya ganin ido. Bambancin shi ne a can amfani ɗaya ake yi wa aiki, kuma kasuwarsa tana hayin teku. Da kaka mutum yakan shiga kunya tun asuba da dogon buhu rataye a kafaɗa yana ja a ƙasa, ɓawon audugar yana tsattsage masa yatsu, da magariba a ɗora abin da ya tsinta a ma'auni a rubuta.

An ce Joseph Davis ubangida ne mai sauƙin hali. Gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma a yi hattara da yadda ake ba da labarin. Joseph ya tasirantu da ra'ayin Robert Owen, mai masaƙa a Birtaniya da ke cewa ma'aikacin da aka kyautata wa ya fi kawo riba. Ya gina ɗakuna da suka fi na gandayen maƙwabta, ya wadata abinci, ya bar mutane su kiwata kaji su sayar, ya kuma kafa wata kotu inda bayi ne da kansu suke sauraron ƙara su yanke hukunci kafin a hori wani. Maƙwabtansa fararen fata sun riƙa yi masa ba'a kan haka.

Sai dai mutum fiye da 300 da yake riƙe da su a 1860 dukiyarsa ne a idon doka. Yana iya sayar da su, yana iya ba da su gado, yana iya jinginar da su. Kotun ma shi ne mai magana ta ƙarshe a kanta. Ni a ganina shaidar da ta fi ƙarfi ita ce ta ƙafafun mutanen da kansu: da sojojin Tarayya, wato na gwamnatin Amurka da ke yaƙi da jihohin da suka ɓalle, suka iso yankin, da yawa daga cikin bayin Joseph da na Jefferson sun kama hanya suka bi su. Wanda ya samu ƙofa ya fita, ya riga ya faɗi ra'ayinsa kan zaman da yake yi.

Yaya Jefferson Davis ya samu Brierfield?

Da baki aka ba shi, kuma wannan shi ne ƙullin labarin gaba ɗaya. A 1835 Jefferson ya bar aikin soja ya auri Sarah Knox Taylor, 'yar Zachary Taylor wanda daga baya ya zama shugaban Amurka. Joseph, da ya girme shi da shekara fiye da ashirin kuma yake masa kamar uba, ya yanka masa wani sashe na gandunsa mai cike da sarƙaƙiya da ƙaya, daga nan sunan Brierfield ya fito. Wata uku da auren Sarah ta rasu da zazzaɓi. Bayi ne suka sare dajin, ƙarƙashin kulawar James Pemberton, wanda shi ma bawa ne, kuma shi ya riƙe matsayin sarkin gandu har rasuwarsa. A 1860 bayi 113 ne a Brierfield.

Jefferson ya sake aure a 1845 da Varina Howell, suka gina gida. A lambun gidan nan ne, a watan Fabrairun 1861, suna gyaran furanni shi da matarsa, manzo ya iso da saƙon cewa an zaɓe shi shugaban jihohin da suka ɓalle. Duk tsawon shekarun nan Joseph bai taɓa rubuta masa takardar mallaka ba. Rashin takardar ya ceci gonar daga ƙwace bayan yaƙi, kuma shi ne ya haifi ƙarar da za a gani a amsar da ta shafi shari'ar 1874.

Wane ne Benjamin Montgomery?

An haife shi bawa a jihar Bajiniya a 1819. Yana saurayi aka sayar da shi ga fataken bayi, suka kai shi Natchez, Joseph Davis ya saye shi. Bai daɗe ba ya gudu. Da aka kamo shi, Joseph ya zauna da shi ya ji dalilinsa, ya kuma buɗe masa ɗakin littattafansa. Montgomery ya ƙware a karatu da lissafi, ya koyi awon ƙasa, zanen gini da gyaran injuna. Shi ke auna inda za a yi jinga don tare ambaliya, shi ke kula da injin gurza.

A 1842 ya buɗe kanti a cikin gandun. Yana sayar wa bayi kaya su biya da kaji ko itace, yana sayar wa jiragen ruwa masu wucewa, har ya samu dillalai a New Orleans da ke ba shi kaya bashi da sunansa. Da ribar kantin ya riƙa biyan Joseph kuɗin aikin matarsa Mary domin ta zauna gida ta kula da 'ya'ya, abin da Bahaushe zai kira murgu. Ya kuma ƙera wata farfela ta jirgin ruwa mai dacewa da ruwa marar zurfi, amma bai samu takardar haƙƙin ƙirƙira ba, domin a 1858 babban lauyan gwamnatin Amurka ya ba da fatawar cewa abin da bawa ya ƙirƙira ba a yi masa rajista, ko da sunansa ko da sunan ubangidansa.

Da duk wannan basira, har yaƙi ya zo shi da matarsa da 'ya'yansa suna cikin lissafin dukiyar wani.

Me ya faru da gandayen lokacin yaƙin basasa?

Da New Orleans ta faɗa hannun Tarayya a Afrilun 1862, Joseph, yana ɗan shekara 77, ya kwashi iyalinsa da wasu bayi ya nausa cikin ƙasa, ya bar Montgomery ya kula da sauran. A watan Yuni sojojin Tarayya suka ƙone babban gidan Hurricane, ginin ɗakin littattafai ne kawai ya tsira. Iyalin Montgomery sun koma birnin Cincinnati da ke Arewa a 1863, ɗansa Isaiah kuma ya yi aiki a jirgin Admiral David Porter na sojan ruwan Tarayya.

Bayan faɗuwar Vicksburg ranar 4 ga Yuli 1863, Janar Grant na sojojin Tarayya ya amince a mayar da lanƙwasar mafakar 'yantattun bayi. Dubban mutane suka taru a wurin. An rarraba musu filaye haya, suka haɗa kai ƙungiya-ƙungiya suna noma don kansu, gidan Jefferson Davis kuma ya koma mazaunin jami'ai da malaman makaranta da suka zo daga Arewa. A damina ta 1865 manoman nan sun fitar da dilolin auduga fiye da 1,700, da ribar da ta kusa dala 160,000. Wannan a lokacin da ake ta yayata cewa baƙar fata ba zai yi noma ba sai da bulala.

To me ya hana a bar musu ƙasar?

Siyasar Washington. Bayan kashe Shugaba Lincoln a Afrilun 1865, Andrew Johnson ya hau mulki ya shiga yi wa manyan Kudu afuwa, kuma afuwar tana tafe da mayar wa mutum ƙasarsa. Haka aka yi a gaɓar tekun Carolina da Jojiya, inda aka karɓe filayen da aka riga aka raba wa 'yantattu. Joseph Davis ya samu tasa afuwar a 1866. Da aka zo kan Brierfield, wadda gwamnati za ta so ta riƙe a matsayin dukiyar shugaban 'yan tawaye, sai Joseph ya nuna cewa a takarda tasa ce, kamar yadda aka bayyana a amsar da ta shafi Jefferson. Ita ma aka mayar masa.

Yaya tsohon bawa ya iya sayen gandun ubangidansa?

Da bashi. A watan Nuwamban 1866 Joseph ya sayar wa Montgomery da 'ya'yansa biyu, Thornton da Isaiah, Hurricane da Brierfield, kimanin eka 4,000, a kan dala 300,000. Ba su biya ko sisi a hannu ba. Sharaɗin shi ne su riƙa biyan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, wato dala 18,000 duk shekara, uwar kuɗin kuma a biya bayan shekara kusan goma, gonar tana jingine. Da farko an ɓoye cinikin, domin dokokin da majalisar Misisipi ta kafa a 1865 sun toshe wa baƙar fata hanyar samun ƙasar noma a karkara. Jefferson yana tsare a kurkukun soja na Fort Monroe a lokacin, kuma bai yi imani za su iya biya ba.

A lura da farashin. Dala 75 ke nan kowace eka, a daidai lokacin da ƙasa ta faɗi warwas a Kudu, gine-gine sun ƙone, jinga ta lalace. Ban musanta cewa Joseph ya yarda da Montgomery yarda ta gaskiya ba, kuma ya ɗaga musu ƙafa a shekarun da amfani bai yi ba. Amma mutanen da suka sare dajin nan ba lada, su ne aka ce su sake biyansa da tsada, har da ruwa a kai.

Sun iya tafiyar da gandun kuwa?

Ƙwarai. Montgomery ya gayyato 'yantattu su zo su karɓi fili haya, kamfaninsu na Montgomery da 'Ya'yansa yana ba su iri da kayan masarufi bashi zuwa kaka, yana gurza audugar, yana kai ta kasuwa. Iyalin sun tare a gidan Brierfield, 'ya'yansa mata suna riƙe littafin kanti. A 1867 aka naɗa shi alƙalin sulhu na yankin, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin gwamnati a Misisipi, abin da ya tayar da hankalin fararen fatan gundumar.

A 1870 audugarsu ta ci kyautar farko a baje kolin St. Louis, a 1876 kuma ta samu lambar yabo a babban baje kolin Philadelphia. Sun ƙara sayen gandun Ursino da ke maƙwabtaka da su, har suka shiga sahun manyan masu noman auduga na jihar.

Idan haka ne, me ya karya su?

Ruwa ne ya fara. A bazarar 1867, tun ba su yi girbin farko ba, kogi ya cika ya fasa jinga, ya kuma yanke siririn wuyan nan da aka ambata a amsar farko. Dare ɗaya lanƙwasa ta zama tsibiri. Babban ruwan ya koma sabuwar hanya, tsohuwar ta riƙa ƙafewa da rani, jiragen da suka saba tsayawa a bakin gandu suka daina, sai an yi jigilar auduga da nisa kafin a loda. Abin da ambaliya ta bari, tsutsa ta cinye. Ambaliyar ta sake dawowa a wasu shekarun, musamman 1874.

Sai farashi. Labar auduga da ake saye sama da senti 30 bayan yaƙi ta gangaro zuwa wajen senti 11 a ƙarshen shekarun 1870, ga kuma durƙushewar bankuna ta 1873 da ta sa bashi ya yi wuya. Kuɗin ruwan dala 18,000 kuwa bai ragu da ko kwabo ba. 'Yan haya suka kasa biyan kanti, kanti ya kasa biyan dillalan New Orleans. Joseph, wanda zai iya cewa a yi haƙuri, ya rasu a 1870. Shi kansa Montgomery bango ya faɗo masa a ƙarshen 1874, bai sake samun cikakkiyar lafiya ba har ya rasu a watan Mayun 1877.

Wace shari'a ce Jefferson Davis ya shigar a 1874?

Ƙarar magadan yayansa ya kai, wato jikokin Joseph. Hujjarsa ita ce tun 1835 aka ba shi Brierfield, ya gina gida a ciki, ya ci amfaninta shekara kusan talatin ba wanda ya yi masa jayayya, don haka kason kuɗinta nasa ne. Kotun farko ba ta ba shi gaskiya ba. A 1878 kotun ƙolin jihar ta juya hukuncin ta goyi bayansa. A lokacin mulkin Misisipi ya riga ya koma hannun tsofaffin 'yan Kudu tun zaɓen 1875, wanda aka yi shi cikin tsoratar da baƙar fata da bindiga.

Abin lura a nan, rashin takarda shi ne hujjar da ta hana gwamnati ƙwace Brierfield a 1866, sannan a 1878 aka ce kyautar baki ta isa. Ta kowace fuska aka juya maganar, ƙasar gidan Davis take komawa. A 1881 aka yi gwanjon gandayen saboda bashin da ba a biya ba. Brierfield ta faɗa hannun Jefferson, wannan karon da takarda, Hurricane kuma ta koma ga jikokin Joseph. Kuɗin ruwan da iyalin Montgomery suka biya a shekarun da suka iya, da jingar da suka gyara, duk sun tafi tare da ƙasar.

Ina mutanen Davis Bend suka nufa bayan haka?

Wasu sun zauna suna noman raba-daidai a ƙarƙashin sababbin masu gida. Wasu sun bi Isaiah Montgomery. A 1887 shi da ɗan'uwansa Benjamin Green suka sayi daji a gundumar Bolivar, a gefen sabon layin dogo tsakanin Vicksburg da Memphis, suka kafa garin Mound Bayou na baƙar fata zalla. Wannan karon kowane iyali ya sayi ɗan filinsa da sunansa. Garin ya samu makarantu, banki, injinan gurza, daga baya har da asibiti a 1942. Medgar Evers, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata da aka kashe a 1963, a can ya fara aiki a farkon shekarun 1950.

Akwai tabo a tarihin Isaiah da bai kamata a ɓoye ba. Shi kaɗai ne baƙar fata a taron rubuta tsarin mulkin Misisipi na 1890, kuma ya goyi bayan sharuɗɗan da suka hana mafi yawan baƙar fata jefa ƙuri'a. Masu kare shi suna cewa zaman lafiyar garinsa ya saya da hakan. Ko da haka ne, dubban mutanen da ba su zaune a Mound Bayou su suka biya kuɗin, har zuwa dokar zaɓe ta 1965.

Akwai wata alaƙa tsakanin wannan labari da audugar ƙasar Hausa?

Akwai, ta hanyar masaƙun Ingila. Yaƙin basasan Amurka ya yanke musu auduga har dubban ma'aikata a Lancashire suka rasa aiki, kuma daga nan Ingila ta ƙudura neman wasu wuraren da za ta dogara da su. A 1902 aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya a Manchester, wadda ta zo ta kafa injinan gurza a Zariya, daga baya Funtuwa da Gusau da sauransu. Da auduga a zuci aka ja layin dogo zuwa Kano, sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi biya. Irin audugar da ake kira Allen, wanda aka shigo da shi Arewa wajen 1912 ya kuma bazu a ƙasar Zazzau da Katsina, asalinsa daga yankin Port Gibson ne a Misisipi, ɗan tafiya kaɗan kudu da Davis Bend.

Wa ke da wurin yanzu, kuma ana iya ziyarta?

Jefferson bai koma zama a Brierfield ba, wakilai ya riƙa sa wa, shi yana zaune a gaɓar teku kusa da Biloxi. A Nuwamban 1889 ya je duba gonar, ciwo ya kama shi a tafiyar, ya rasu a New Orleans ranar 6 ga Disamba. Magadansa sun ci gaba da ba da ita haya, ambaliya tana cin amfani shekara bayan shekara. Gidan ya ƙone a 1931, a 1953 kuma iyalin suka sayar da ƙasar.

Yau ana kiran wurin Tsibirin Davis. Yana yamma da babban ruwan kogin, ta ɓangaren Luwiziyana, amma a doka yana cikin Misisipi. Mallakar masu zaman kansu ne da ke amfani da shi wajen farauta, galibi ta jirgin ruwa ake isa, kuma ba a shiga sai da izinin masu shi. Daji ya rufe mafi yawan filayen audugar. Mai son ganin abin da ya rage na wannan tarihi da idonsa, Vicksburg zai nufa, inda tsohon ginin kotun gundumar ya zama gidan tarihi, ko kuma Mound Bayou, inda gidan bulo na Isaiah Montgomery yake tsaye har yanzu.